Nazari a Kan Fentin Motar Tsere da Abin da Ya Same Shi a Burtali

Fentin da ake yi wa mota kafin ta bar masana'anta hawa huɗu ne, kowane da aikinsa: na farko, wanda ake tsoma gangar jikin motar ɗungurungum a cikinsa a manna shi da ƙarfin lantarki, shi ke tsare ƙarfe daga tsatsa, na biyu yana cike ƙananan ramuka ya daidaita fuska, na uku shi ne launin da ido ke gani, na huɗu kuwa shafi ne garau kamar gilashi, wanda ke ba mota sheƙin da ke raba matasa da kuɗinsu. Idan aka haɗa kaurin huɗun, galibi yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 150, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato duk kwalliyar motar miliyoyin naira ba ta fi kaurin fallen takarda ɗaya da rabi ba. Tun daga shekarun 1990 dokokin kare muhalli a Turai da Amurka suka karkata kamfanoni zuwa ga fentin da ake damawa da ruwa, kuma injunan feshi na zamani ba sa ƙara ko ɗigo a kan abin da aka auna musu. Motar tsere ta fi kowace mota shan wahalar wannan tsumulmula, domin hancinta kusa yake da ƙasa, faffaɗan tayoyinta kuma suna kwasar tsakuwa su watsa wa jikinta.

Duk wannan lissafi an yi shi ne da kwalta a zuci, ba a yi shi da karkarar arewacin Kano ba, yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi fice wajen nazarinsa tun shekarun 1960 saboda cunkoson jama'arsa da yadda gona ke manne da gona ba a barin saura. A irin wannan ƙasa hanyar shiga ƙauye burtali ce, wato siririn layin da aka bar wa dabbobi tsakanin shinge biyu na aguwa, kuma faɗinsa an auna shi ne da jaki ɗauke da mangalar taki.

Mai wannan rubutu, wanda daga nan za a riƙa kira mai mota domin rufin asiri, ya jarraba haɗuwar waɗannan abubuwa biyu da dukiyarsa, lokacin da ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu 'yar Kwatano, ya nufi wani ƙauye a yammacin Dambatta bikin ɗan kawunsa, cikin watan Disamba, ana tsakar hunturu. Bai yi mita ɗari da sauka daga kwalta ba ya haɗu da amalanken shanu da aka labta wa karan dawa har ya zarto gefe da gefe, kuma tun da sa ba ya da giyar baya, mai mota ne ya raɓe jikin aguwa, shinge na kartarsa ta dama, kara na kartarsa ta hagu, har motar ta fito da zane dogaye masu kama da layin littafin makaranta. Mai amalanke ya gaishe shi cikin ladabi, ya kuma yaba jan motar.

A ƙofar gida aka nuna masa inuwar wata tsamiya, ba tare da an sanar da shi cewa nan ce makwancin balbelun unguwar ba, alhali kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin hawa na huɗu idan rana ta gasa shi a kai. Da gari ya waye aka tarar motar ta yi dabbare-dabbare, wata akuya kuma, wadda ta ga murfin injin ya fi turmi sauƙin hawa, tana tsaye a kai tana miƙa wuya ga ganye, kofatanta na barin shaidarsu a kowane taku. Yaran makarantar allo su ma sun sami allon da ba ya buƙatar tawada, sun rubuta sunayensu da yatsa a kan ƙura. A nan ya kamata a bayyana cewa ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana haɗuwa da rairayin gida mai ƙwayoyin da suka fi fenti tauri, don haka duk yatsan da ya ja ta a jikin mota aikin sanfefa yake yi.

Sai dai bincike ya tabbatar cewa duk waɗannan ba su kai ƙauna ɓarna ba. Wani ƙanen mai mota, wanda tausayi ya kama, ya yi sammako rijiya ya ɗebo ruwa, ya zuba omo, ya aro soson ƙarfe daga madafa, ya kuma ƙara da ɗan yashi a wuraren da kashin balbela ya ƙi fita, kamar yadda ya ga ana yi wa gindin tukunya. Ya zo yana haki ya ce, "Yaya, fito ka gani, har farin cikinta na fito maka da shi." Abin da ya kira fari shi ne hawa na biyu, mai ruwan toka, wanda ba a yi shi don ganin rana ba. Kakar mai mota ta dafa sanda ta zagaya motar sau ɗaya, sannan ta ce, "Mai gidana, wannan amarya da ka kawo mini kishiya ai jan nata na lalle ne, wanka ɗaya ya tafi da shi."

Mai mota ya yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage da man gogewa da tsumma, bai san cewa gogewa na fitar da sheƙi ne ta hanyar cinye wani ɓangare na hawa na huɗu ba, saboda haka garin gyaran gira ya rasa ido, ƙofar direba ta bi sahun murfin inji. Daga bisani wani mai fenti a cikin birnin Kano ya yi wa motar feshi a fili, iska na kaɗawa, ya ba ta kaurin da kamfani ya hana ta har da ƙari, sai dai jan ya fito irin na manja, ƙura kuma ta daskare a cikinsa, ta yadda mai shafa jikin motar zai ɗauka katangar gidan siminti yake shafawa.

Abin lura a ƙarshe shi ne babur ɗin kawun mai mota, wanda ya shekara da shekaru yana bin wannan burtali, amma har yau tankinsa na naɗe cikin ledar da ya zo da ita daga kamfani, an ƙara masa rigar fata a kai, ba wanda ya taɓa ganin launinsa tun ranar da aka saye shi. Da aka tambayi kawun dalili, sai ya dubi motar, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya ce, "Ɗan nan, fenti ai na ranar sayarwa ne." A bayan wannan babur mai mota ya halarci sunan ɗan da aka haifa wa angon, motar kuwa tana Kano lulluɓe da tamfol.