A Layinmu Kowa Likitan Sanyi Ne

Mu a layinmu ba a ciwon gwiwa, sanyi ake yi. Kafaɗa ta riƙe, sanyi. Yatsu sun kumbura, sanyi. Babban yatsan ƙafa ya ɗau zafi cikin dare har ko zane ba ya son ya taɓa shi, wannan ma sanyi. In hunturu ya kankama, leƙa masallaci da Asuba ka ƙirga kujerun roba a gefen sahu. Masu iya sujadar ma, in an zo miƙewa, sai ka ji gwiwoyi na ƙas-ƙas kamar ana kakkarya kara.

Likitoci kuwa ba mu da ƙarancinsu. Ka ce "wash!" a teburin mai shayi, kafin ya gama sheƙa maka ka samu magani biyar. Wannan ya ce man kaɗanya da man zafi, wancan ya ce citta da tafarnuwa a kunu. Wani ya haɗa ka da wanzami a yi maka ƙaho, wani ya tura ka gun mai lasifika ranar kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke korar sanyi da basir da shawara, har ta rage canji.

Amma babban asibitinmu shi ne kemis ɗin bakin layi. "Yaro, haɗa mini na sanyi." Ya zuba ja, ya zuba fari, ya ƙara wata 'yar mitsitsiya, ya ƙulle a leda. Ba mu tambayi suna ba, shi ma bai faɗa ba. Ashe manyan su ne diclofenac da piroxicam, masu cin bangon ciki su gajiyar da ƙoda in an daɗe ana sha. 'Yar ƙaramar kuwa dexamethasone ce.

Goggon gidanmu ta shekara biyu tana kan wannan haɗi. Kumatunta suka ciko, mata na cewa, "Goggo, kin murmure, hankali ya kwanta!" Ashe aikin 'yar ƙaramar ne. Sai da suga ya hau, jini ya hau, sannan aka kai ta asibiti. Can ma likita ya hana ta yar da ƙwayar rana ɗaya, ya ce a hankali ake janye ta.

A nan muka ji cewa abin da muke tarawa a buhu ɗaya kashi-kashi ne. Akwai na zaizayewar guringuntsi, mai bin shekaru da nauyin jiki, ya fi son gwiwa da ƙugu. Akwai gawut, mai kama babban yatsan ƙafa, abokin masu tsire da kayan ciki. Sai irin na Goggo, wanda garkuwar jiki ce da kanta ke far wa gaɓoɓi: yatsun hannu biyu su kumbura tare, su sandare da safe, ba ta iya ɗaura ɗankwali sai hantsi. Ya fi kama mata, kuma in aka yi sake yana lanƙwasa yatsu, ba sa komawa.

Aka ɗora ta kan methotrexate, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, aka ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsa. Nan layi ya ɗauka. Mu da in magani bai yi aiki kafin Magariba ba mun ce jabu ne!

Wai kuma ta riƙa tattaki. Mu a ganinmu gata shi ne a ce, "Zauna, Goggo, yara za su yi." Likita ya ce zaman ne ke ƙara sandarar da gaɓa. Ya juyo kan Kawu da ya rako ta, ya dubi tumbinsa, ya ce kowane kilo ɗaya da ya sauke, gwiwa ta huta da kusan kilo huɗu a kowane taku. Kawu ya ce tumbin nan rufin asiri ne.

Yanzu Goggo na zagaya layi sau biyu bayan La'asar, ɗankwali a ɗaure tun safe. Shekaranjiya tawa gwiwar ta yi ƙara, na sulale na nufi kemis. Ban ankara ba sai na ji daga baya: "Kai, ɗan nan! Wanne ne naka a cikin ukun?"

Na ce sanyi ne, Goggo.