Kanawa, Ku Bar Yarinya Da Butarta

Kai Kanawa! Tun da kuka ji labarin yarinyar nan ta Damagaram mai tara ruwan alwala a roba tana kai wa zogale, bakinku bai huta ba. Wani ya ce rowa ce, wani ya ce tsiya ce. Har wani Alhajin Kantin Kwari yana cewa wai ranar aurenta da cokali za a raba wa ƴan biki ruwa. Sannu da aiki, Alhaji. Ai mun san ku, in ba ku tsokani Badamagare ba tuwo ba ya faɗa muku.

To, bari in koya muku abin da ba a sayarwa a kanti. Garinmu kan dutse yake zaune, ka haƙa rijiya ka ci karo da fa. Damina kuwa wata uku ce in an yi sa'a, daga Yuli zuwa Satumba. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin Nijar daga garin namu, Zinder, zuwa Yamai a 1926. Wanda ruwa ya taɓa ƙwace wa sarauta ai ba ya wasa da shi.

Ku zo ku ga aikin yarinyar. Ruwan wanke shinkafa na shuka ne, ɗaurayar wanki ta ƙarshe ta yayyafin tsakar gida ce. A gindin zogalen ta binne tukunyar ƙasa, ta cika ta, ta rufe bakin. Ruwa na tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, rana ba ta samun rabonta. A tsakiyar bazara gidansu ana kwaɗon zogale ɗanye shar.

Na ji mai cewa, "Ai ruwa na Allah ne, ba ya ƙarewa." Madalla, Malam. Je ka Baga ka faɗa wa masunta haka. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, daga baya ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Ku da kuke dariya, ba ku ne masu madatsar Tiga tun 1974 ba? Amma da asuba wa kuke leƙe ta ƙofa in ba mai garuwa ba? Ya turo kura cike da jarkoki masu lita 25, ku sayi ruwan da tsada, sannan Alhaji ya kwarara rabin jarka a tayar mota. Malamanku ma sun karantar da ku cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita guda ba. Yarinya ta bi sunna, kun sa mata suna marowaciya.

Don Allah ƴan uwa, wasa wasa ne, amma yau ku kira mai gyara ya ɗaure famfon nan da ke ɗiga a ƙofar masallacin unguwarku. In kun yi, mun yafe muku maganar cokali.