Likitar Littafi da Ma'aikaciyar Ƙofar Nassarawa

A littattafanmu na soyayya, mace mai aiki ba ta san gumi ba. Likita ce ko lauya. Ta fito daga ɗakin tiyata ƙarfe biyar, kafin magariba ta girka abinci kala uku, ta turare ɗaki, ta tari maigida da murmushi, lallenta ko ƙwarzane babu. Maigidan kuwa ɗan shekara talatin ne mai kamfani a Dubai, aikinsa ya kalle ta ya lumshe ido. Yara akwai su, amma ba sa kuka sai in marubuciya na neman inda za ta rufe babi.

Ba haka manya suka faro ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta cinna wa littattafan soyayya wuta a Kano, wai suna ɓata tarbiyya. Daga baya sai labaran suka tattara suka koma WhatsApp da Wattpad, inda ashana ba ta kai. A can ne jarumar ta ƙara haske, mijin ya ƙara kuɗi.

Wanda ke neman raha ta gaskiya ya tsaya gindin gadar Ƙofar Nassarawa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Ga Maman Abba: goyo a baya, jakar ofis a kafaɗa, kular abinci a hannu, Abba na biye da safa wari da wari. Tana cinikin ɗan sahu waya ta yi ƙara.

"Maman Abba, wai ina kika kai min hulata?"

"Baban Abba, duba saman firij."

"Ke dai tun da kika fara aikin nan, gidan nan ya rikice."

Ta isa ofis, oga ya dubi agogo: "Hajiya, yau ma?" Ta dawo gida, uwar miji ta dubi tukunya: "Mu a zamaninmu..." In ta ɗauko 'yar aiki, nan take Baban Abba ya tuna cewa cikinsa ba ya karɓar girkin kowa sai na matarsa.

Amma bari wata ya ƙare, albashi ya shigo. Ranar gida kaf kowa mai kishin ilimin mata ne. Ƙanin miji na da kuɗin jarrabawa, ƙanwarsa na da ankon biki, uwar adashi na bakin ƙofa. Shi ma maigida sai murya ta yi laushi: "Ranta min wani abu kafin kasuwa ta buɗe. Ai ni na bar ki ki yi aikin." Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

A Ingila, Helen Fielding ta yi suna a 1996 da Bridget Jones's Diary, labarin ma'aikaciya marar aure mai fama da ƙiba da samari. Ba goyo, ba dangin miji, ba ɗauke wuta tana tsakar guga, amma duniya ta yi ta dariya. Da marubutanmu za su bi Maman Abba da biro daga asuba zuwa isha'i, da sun fi ta kayan aiki.

Sai dai wa zai saya? Mai karatun ita ce Maman Abbar. Ƙarfe sha ɗaya na dare, ta gama wanke-wanke, ta jingina da bango da ragowar caji, ba za ta biya kuɗin data don a karanta mata wahalarta ba. Miji take nema wanda ya san inda kayansa suke, ko da na ƙarya ne.

Saboda haka maigida, in karatun nan na madam ya dame ka, ba sai ka kai ƙara Hukumar Tace Finafinai ba. Gobe da safe ka nemo hularka da kanka, ka haɗa wa Abba safa.