Wasiƙa Zuwa ga Kakata, Tur'ar Jazira

Zuwa ga Kaka Tur'a, babbar magudanar ruwan Jazira ta Sudan,
daga ƙofar dam ɗin Sinnar har inda ƙarfinki ya ƙare.

Ina taya ki murnar cika shekara ɗari da kika yi a 2025, ko da yake ban ji an yanka miki ko ɗan taure ba. A 1925 aka sako ki daga Makwar, inda dam ɗin Sinnar yake, ke nan tsarar kakata ce ke, akwai wasa tsakaninmu. Duk abin da za ki ji a nan jika ne ya faɗa wa kakarsa, ba mai kai ni ƙara gaban shehun gari.

Bari in fara da tonon asirin aurenki na fari. Masaƙun Lankasha ta Ingila ne suka matsu da neman auduga mai dogon zare. Turawa suka dubi filin nan da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, suka ga ƙasar ta gangara a hankali zuwa arewa, ruwa zai tafi da ƙafarsa ba sai inji ya tura shi ba. Suka gwada a Tayyiba a 1911, auduga ta yi, suka tare kogi a Sinnar suka haƙa ki. Kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya zama waliyyinki. To, a lokacin kin yi ƙuruciya, wannan kowa ya shaida. Mufattish, Baturen da ke duba gonaki, yana zagaya ki a kan doki, gafir mai gadi yana riƙe da mabuɗin ƙofofinki, 'ya'yanki Abu Ishirin da jikokinki Abu Sitta, ƙananan magudanai, suna kai ruwa kowace hawasha, wato gonar manomi, bi da bi, duk mako biyu. Ciyawa ba ta isa ta kwana a bakinki ba. Manomi yana da kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, gwamnati da kamfani su raba saura, kuma ba manomin ke riƙe da littafin lissafi ba.

Inda nake da magana da ke shi ne abin da kika yi wa kakanninmu. Mutanen nan Makka suka nufa. Sun baro Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram a ƙafa da jakuna, sun ratsa Barno da Wadai da Darfur, wasu sun binne iyayensu a hanya. Wasu ma sun riga ki zuwa: mutanen Sarkin Musulmi Attahiru, da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903, sun biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, tun ba a haƙa ki ba. Saura kuwa suka iso guzuri ya ƙare, ga Sawakin da sauran tafiya, ga kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Kika ce musu su tsaya su tsinci auduga kaka ɗaya su tara kuɗin jirgi. Kaka ɗaya ta zama biyu, aka yi aure, aka yi suna, aka gina masallaci. Yau jikan jikansu ne ke rubuto miki wasiƙa, kuma har gobe in ka tambayi wani tsoho a cikinmu zai ce maka shi matafiyi ne, hanya ce ta biyo da shi. Kaka, wace irin mace ce ke tare alhazai a hanya shekara ɗari?

Da kin riƙe su kin yi musu gata ai da sauƙi. Su ne masu tsintar auduga, su ne masu tuge karanta a ƙone bayan kaka don kashe cuta, su ne masu shiga cikinki har ƙugu suna kwashe laka. Da farashin auduga ya faɗi a shekarun 1930, wasu masu hawasha suka gudu suka bar ki, namu na cikin waɗanda suka karɓa suka noma. Da kasuwa ta gyaru sai aka tuna ashe baƙi ne. Dokar 1948 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda zuriyarsa ke zaune a nan tun kafin 1898, kin ga ko mutanen Maiurno sun makara da 'yan shekaru. Aka bar yawancinmu a kambo, 'yan bukkokin da ke maƙale a gefenki, muna noman raba-daidai a gonar wani. Mu ne muka fi kowa kusa da ke, a cikinki muke wanki, a cikinki yaranmu suka koyi iyo. Tukuicin da kika ba mu shi ne tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Dodon koɗinki kam bai taɓa tambayar kowa takardar zama ɗan ƙasa ba, wannan adalcin na yaba masa.

A 1950 kika bar gidan kamfani kika koma hannun Hukumar Jazira da ke Barakat. Bayan 'yancin kai aka ƙara miki ɗakin Manakil, a 1966 aka gina dam ɗin Rusairis don kada ki rasa na rani, gonakinki suka haura faddan miliyan 2. Shekara da shekaru fiye da rabin abin da Sudan ke samu daga waje audugarki ce. In kin yi tari Khartoum ba ta barci.

Sai kishiyoyi suka shigo. A 1999 aka fara fitar da man fetur, gwamnati ta samu amarya, aka daina leƙo ɗakinki. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da yawancin man, muka ce yanzu za a dawo a ba uwargida haƙuri. Ina! Zinariya aka auro. Samarinmu suka ajiye fartanya suka sayi na'urar neman zinariya suka nufi hamadar arewa. Tun kafin nan dokar 2005 ta ce kowa ya shuka abin da ya ga dama, manoma su kula da ƙananan magudanai da kansu. A takarda abin ya yi kyau. A gona kuwa wannan ya shuka alkama, wancan albasa, na gaba gyaɗa, kowa da ranar da yake son ruwa, kowa da fartanyar fasa bakinki cikin dare. Ke kuma da ma an tsara ki ne ki tara ruwa da dare a sha da rana, ruwan da ya kwana kuwa dole ya sauke lakar da ya ɗauko daga duwatsun Habasha. Laka ta cika miki ciki, ciyawa ta rufe miki fuska. Ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwasar auduga zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa ya zama labarin da ake ba yara. Na kusa da ƙofa gonarsa ta zama tafki, mu na wutsiya muna kallon gyaɗa tana yaushi, mai hali ya sayi famfo yana zuƙar ɗan abin da ya rage.

Kina jin labarin yayarki ta Masar, Suwez? An buɗe ta a 1869, ta girme ki nesa ba kusa ba, ba ta taɓa shayar da ko kan dawa ɗaya ba, ruwanta ma na gishiri ne. Amma da wani jirgi ya gitta mata a maƙogwaro a watan Maris na 2021, kwana shida duniya ba ta da wata hira. Ke kin shekara nawa a toshe, daga gafir sai kwaɗi ne suka sani. Ita dai ta iya zaɓen abokan hulɗa.

Wasa ya tsaya nan kaɗan. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso Wad Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamba na shekarar, dakarun Da'am Sari' masu yaƙar sojan gwamnati suka riƙe garin har Janairun 2025. Aka wawashe ofisoshi da injina, wuta ta ɗauke, famfunan ruwan sha suka tsaya. Mutanen da suka shekara ashirin suna toshe hanci in sun wuce ta gefenki suka dawo da jarkoki. Ruwanki aka sha, da laka da komai, wasu kwalara ta ɗauke su. 'Yar dawar da aka samu aka shuka a inda kika iya kaiwa ita ta riƙe gidaje da yawa. Ba wanda ya tambayi farashin auduga a Ingila. Mutanen kambo kuwa sun sha wuya biyu, ta yaƙi da ta zargi, wannan sai mun haɗu baki da baki.

Yanzu kuma Habasha ta gama babban dam ɗinta a can sama, an ƙaddamar da shi a Satumban 2025. Masana sun ce zai riƙe yawancin lakar, ruwa kuma zai riƙa zuwa daidai wa daida rani da damina. Ke ta gyaru, cikinki zai huta. Dangina na Maiurno masu lambu a bakin kogi, da masu buga jan bulo, su lakar nan ce abincinsu, ba su san ko murna za su yi miki ko jaje za su yi wa kansu ba.

Buƙatata biyu ce. Ta farko, in manya sun zo da motoci suna jawabin farfaɗo da ke, ki tuna musu cewa mutanen da suka san inda kike yoyo suna nan a kambo, kuma sun gaji da noma gonar wani. Ta biyu, ki daure bana ki iso wutsiya kafin gyaɗa ta fara fure.

Na so in jefa takardar nan a cikinki ki karanta da kanki, sai na ga ba za ta yi taku goma ba ciyawa za ta riƙe ta. Zan ba gafir ya kawo miki, in an biya shi albashi ya dawo aiki.

Naki jikan,
wani mai noman raba-daidai a yankin Manakil.