Kifin Zobe Bai Yi Boko Ba

Daga Batsari zuwa bakin teku tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce, amma hakan bai hana ɗan ƙanwata da ke aiki a Apapa aiko mini da sandar kamun kifin teku ba. A gwanjo ya tsince ta. Ya bugo waya yana murna: "Kawu, tun da ka yi ritaya kake cewa zaman gida ya ishe ka. Da wannan Turawa ke hutawa." Direban da ya kawo saƙon ya miƙo mini wani dogon bututu baƙi mai murfi da maratayi, ya ja mota yana waiwayena.

A ciki akwai sanda mai gaɓa huɗu, in an haɗa ta ƙafa 9, da kwarkwaron naɗe igiya, da igiya mai kauri ruwan ɗorawa. Sauran bayanin a YouTube na samo shi, bayan data ta ci mini kuɗin cefane. A fatsar da muka sani, ɗan darma ko nauyin tana ke jan zare ya kai shi ruwa. Wannan kuwa babu darma babu tana. Ƙugiya ake yi wa ado da gashin tsuntsu ta yi siffar ɗan kifi, ba ta da nauyin komai, don haka igiyar ce mai nauyi, ita ake wurgawa. Sai ka yi ta kaɗa ta gaba da baya a sama har ta miƙe, sannan ka sake ta. Na ga mutanen Montauk, can ƙarshen wani tsibiri a jihar New York, tsaye cikin igiyar ruwa har ƙugu da sanyin asuba, suna jawo manyan kifaye masu zane a jiki, su ɗauki hoto, su mayar da su ruwa. Wannan na ƙarshen na tsallake shi, don ban ga alamar hankali a ciki ba.

Abu biyu suka rage: ƙugiya mai ado da kwando. Wani Ba'amurke, Lefty Kreh, ya ƙirƙiro irin tasa da gashin zakara, ta yi sunan da har aka buga hotonta a jikin kan sarki a 1991. To, zakara muna da shi, na Hajiya, wanda take kiwo don Sallah. Na bi shi bayan rumbu da magariba, muka yi abin da muka yi, ya fito babu rabin wutsiya. Kwandon kuma ana ɗaura shi a ƙugu ne a riƙa zuba igiya ciki, don kada ruwa ya nannaɗe ta a ƙafafun mutum. Dole ya zama mai huji. A gidanmu kaf abu ɗaya ne ya cika wannan sharaɗi, shi ne robar tace taliya.

A tsakar gida na fara gwaji. Na yi wa Hajiya bayani cewa masana sun ce hannu ya tsaya tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, wato yadda hannun agogo ke nunawa. Ta ce, "Malam, daga goma har biyu za ka yi ta wannan abin? Azahar fa?" Kafin in amsa, ƙugiyar ta ɗauko zanenta daga kan igiyar shanya ta tsallakar da shi katanga zuwa gidan maƙwabci. Ni dai abin da na lura shi ne nisan ya kai ƙafa talatin, kuma ga mai koyo wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ruwan da ya fi kusa da zama teku a wajenmu shi ne madatsar Zobe, kudu da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa. Da hunturu iska kan tayar da 'yar igiyar ruwa a kanta, ni kuma iyakar abin da nake nema ke nan. Na rataya bututu, na shiga motar Safana.

Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba a wasa da dogon abu baƙi a kafaɗa. Dajin Rugu na nan yamma da mu, kuma mutanen Batsari da Safana sun ga abin da ya ishe su. Fasinjojin suka matsa mini wuri fiye da yadda aka saba, na ɗauka girmamawa ce. A wani shinge kafin Safana, wani matashi ɗan sintiri ya leƙo, ya ga bututun, ya ja da baya taku uku.

"Baba, sauko. A hankali. Mi ne ne wannan?"

"Sandar kamun kifin teku ce, yaro."

Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Karan gero ne a tsaye har iyakar gani, sai wani jaki a gindin gawo. "Ina tekun?"

Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi. Suka sa na buɗe da kaina, su suna daga nesa. Na haɗa gaɓa huɗun nan, na zura igiya, na ɗaura robar taliya a ƙugu don su ga cikakken tsarin. Babbansu ya ce in nuna yadda take aiki. Na kaɗa sau biyu, a na uku ƙugiyar ta cire hular direbanmu ta ajiye ta a kan rufin mota. Babban ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa direba a hankali, yana zaton ban ji ba, "Ku kula da shi, ku sauke shi inda danginsa suke."

Na isa Zobe rana ta ɗaga. Masunta sun riga sun dawo daga duba taru, suna zazzage karfasa da tarwaɗa a bakin ruwa, mata masu suya na ciniki. Na naɗe wando, na kutsa har gwiwa, laka ta karɓi takalmi ɗaya nan take. Na fara kaɗa sanda kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero. Ciniki ya tsaya. Wani dattijo da ke gyaran koma ya taso ya tsaya bayana, daidai inda bai kamata a tsaya ba.

"Malam, dukan ruwan kake ko kiran kifin?"

Na ce masa yaudara ce, kifi zai ga gashin ya zaci ɗan uwansa ne ƙarami ya kawo hari. Ya karɓi ƙugiyar ya jujjuya, ya sansana. "Ba ta wari," in ji shi. "Tarwaɗa da gashin baki take neman abinci, a ƙasa, cikin laka. Ruwan nan kai kanka kana ganin ƙafarka a ciki?" Ban gani ba. Sai dai wannan matsalar kifin ce. A Amurka kifi da ido yake farauta, namu kuwa an bar shi babu wayewa tun 1983.

Gefena wani yaro da bai wuce shekara goma ba yana zaune da karan dawa da zaren buhu da gwangwanin tana. Ina kaɗawa yana cirowa. Ban ƙirga ba, don ba gasa muke yi ba.

Can iskar da na zo nema ta taso. Masanan sun yi gargaɗi cewa in iska na bugowa ta ɓangaren hannun da ke riƙe da sanda, igiyar za ta biyo ta jikin mutum, amma ba su faɗi cewa tana zuwa da sauri haka ba. Na ji tas a bayan kunne. Da na shafa, sai ga wutsiyar zakaran Hajiya tana lilo a kunnena na dama. Na juya da sauri, santsi ya kwashe ni, robar taliya ta kwance ta kama hanyar tsakiyar dam, igiyar kuma ta bi ta ta sarƙe a tarun wani bawan Allah. Dattijon ne ya cire ƙugiyar: ya tura ta gaba har kaifin ya fito ta ɗaya gefen, ya datse da filaya, ya zare. Ya ce ya sha yi wa yara, amma bai taɓa cirewa daga mai furfura ba. Kuɗin ɗinkin taru ni na biya, na kuma sayi tarwaɗa biyu a hannun yaron, a farashin da ya nuna ya san halin da nake ciki.

Hajiya ba ta tambayi kunne ba. Ta tambayi roba, na ce tana Zobe. Ta tambayi takalmi, na ce suna tare.

Duk da haka na cika ƙa'ida ta ƙarshe. Masanan sun ce da zarar an dawo a wanke sanda da kwarkwaro tas, don gishirin teku na cin ƙarfe. Na ja guga a rijiyar gidanmu na wanke su sosai, na jingine. Rijiyar tamu zartsi gare ta, ko shayi ba ma dafawa da ruwanta. Bayan mako biyu kwarkwaron ya yi tsatsa ya daina juyawa, na buga wa ɗan ƙanwata waya na shaida masa cewa kayan gwanjo ba su da aminci. Ya ce in yi haƙuri, ya ga wani wandon roba mai haɗe da takalmi da ke kaiwa har ƙirji, zai sa a mota ranar Alhamis.