Gudun Tsoro Ba Ya Shiga Lissafi

A Malbaza babba mai gemu ba ya gudu sai da dalili. Ko wuta ta tashi a unguwa, ko motar Ƙonni tana shirin barinsa a tasha, ko kuma mai binsa bashi ya ɓullo ta lungu. Gudun banza na yara ne, su ma tsawata musu ake yi. Shi ya sa da muka soma fitowa bayan sallar asuba, mu biyar, kowa tumbinsa na gaba yana biye, direbobin manyan motocin da ke kwana a layi wajen kamfanin siminti suka riƙa leƙowa ta taga suna tambayarmu ina abin ya faru. Wani har ya sauko da bokiti.

Likita ne ya jawo mana. Wata safiya a teburin mai shayi ya fiddo abin awon jini, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana matsa mana dantse yana girgiza kai. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, in kuwa motsin mai ƙarfi ne irin gudu, minti 75. Da a nan aka tsaya, da lafiya lau. Amma akwai Ajidan, tsohon soja, wanda ya ce minti na mai dafa ƙwai ne, namiji kilomita yake ƙirgawa. Nan take aka yanke cewa kowane ƙarshen wata za a tara lissafi, wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi shayi da burodi da ƙwai na kowa. Da yake ni malamin lissafi ne a makaranta, kowa Mushe yake ce mini, littafin ya faɗo hannuna ba tare da an tambaye ni ba.

Kowa da ma'auninsa. Ni da Likita waya muke sawa a aljihu, manhajar Strava tana ƙirga mana. Alhaji yana da agogon da ya sayo a Makka, mai sanin bugun zuciyarsa fiye da iyalinsa. Ajidan bai yarda da komai ba sai duwatsun kilomita na bakin kwalta, fararen nan masu jan kai. In ya isa kowane ɗaya sai ya mare shi da tafi. Tela kuwa da ido yake awo. In ka tambaye shi nawa ya yi yau, sai ya dubi sama ya ce, "Zai kai daga nan zuwa Tsarnawa." Kullum Tsarnawa. Ko ya zagaya masallaci ne ya dawo.

Gudun kansa ba ya ɗaukar mu sa'a guda, amma gardamarsa takan kai hantsi. Likita ya dage cewa kashi 80 cikin 100 na gudun mutum ya kamata ya zama a hankali, yadda zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ba, kuma kada a ƙara nisan mako fiye da kashi 10 a kan na makon da ya wuce, in ba haka ba gwiwa ce za ta biya. Hujjarsa kullum Eliud Kipchoge ne, mutumin Kenya da ya yi kilomita 42 da mita 195 cikin sa'a 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin a 2022. Ya ce a sansaninsu na Kaptagat yakan kai kilomita 200 a mako, yawanci ba da gaggawa ba, kuma da hannunsa yake rubuta kowane gudu a littafi. Wannan na ƙarshe ni ya yi wa daɗi, don ta nan kaɗai muka yi kama. Ajidan kuma sai ya ce tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, wane ɗan kokowa aka taɓa gani da agogo? Fura ce da rairayi. Ra'ayinsa a kan ranar hutu shi ne ana yin ta a kabari. Alhaji ba shi da ra'ayi a kan horo, nasa a kan takalmi ne, kuma yana kallon nawa na gwanjon kasuwar Ƙonni da irin tausayin da ba a nema ba.

A wata na biyu lissafin Alhaji ya yi tsalle ya wuce na Ajidan, alhali tumbin yana nan yadda muka san shi. Likita ya ce a buɗe taswira. Ya ba mu labarin abin da ya faru a Janairun 2018, lokacin da wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da Strava ta fitar tana nuna sansanonin soja na ɓoye, har da na yankin Sahel, saboda sojojin suna zagaye su da gudu da waya a jikinsu. In asirin Amurka ya tonu, ina ga na Alhaji? Taswirarsa ta nuna yakan tashi daga shago ya je injin niƙa, ya dawo, ya je famfo, ya dawo, ya je tasha, ya tsaya rabin sa'a daidai inda yara ke buga ƙwallo. Yaron shago ne ke ɗaure da agogon. Da dare kuwa, bayan agogo ya koma hannun mai shi, wani layi ne miƙaƙƙe zuwa wani gida a wata unguwa, a tsaya sa'a ɗaya da rabi, bugun zuciya yana hawa. Mun halarci ɗaurin auren daga baya. Alhaji ya nemi a sa masa waɗannan tafiye-tafiyen a lissafi tunda da kansa ya je, aka duba aka ga a kan babur ya je.

Sai batun kare. Tela ya ratsa ta wata ruga, kare ya biyo shi, ya dawo yana neman a rubuta masa kilomita biyu. A nan na tashi na yi jawabin da har yau nake ganin babu kuskure a cikinsa. Na ce kowane aiki da niyyarsa, wanda kare ya kora bai yi niyyar motsa jiki ba, niyyar karen ce. Aka tafa mini. Na rubuta a bangon littafi da jan biro, na ja layi biyu a ƙasa: gudun tsoro ba ya shiga lissafi.

Abin da ya same ni laifin Fabrairu ne. Wata ne da ba shi da amana, kana cikin shirin kwana biyun ƙarshe sai ka ji an ce ya ƙare. Daren 27 na tara lissafi na ga ni ne a ƙasa, Tela da Tsarnawarsa sun ba ni ratar kilomita 14. Na kwanta da niyya.

Ana sallame asuba na fita ni kaɗai. Hazo ya rufe gari, ƙura na shiga maƙogwaro, don haka na naɗe fuska da rawani, ido kaɗai a waje. Riga baƙa, wando baƙi, tocila a hannu. Na ɗauki babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, na yi gabas, wajen Galmi. Ɗan kabu-kabu na farko ya rage gudu ya ce, "Baba, hau in kai ka, ko ba kuɗi." Na ce motsa jiki nake. Ya ce Allah ya ba da lafiya. Na biyu ya tambaya ko haihuwa ce. Wanda ya ƙona mini rai wani dattijo ne a kan amalanke, da ya jero da ni yana ba ni haƙuri a kan abin da bai sani ba, jakinsa kuwa tafiya kawai yake yi, ko sassarfa bai soma ba, kuma ban wuce shi ba. Na ga hanyar ƙafa ta gangara fadama, na saki kwalta na bi ta.

Wanda ya san ƙasar nan ya san mene ne ƙarshen Fabrairu a fadama. An soma cire albasa, irin ta Galmi mai ja-ja ɗin nan da ake lodawa har Akara da Abijan. Tana tsibi-tsibi a gona an rufe ta da ganye, ba a kai ga sa ta a buhu ko a rudu ba, dukiyar shekara guda a fili. Masu ita a gefenta suke kwana, kusa da injin ban-ruwa, da gora a ƙarƙashin kai.

Na ji an ce, "Ɓarawo!"

Ni mutum ne mai kishin jama'a. Na ƙara sauri don in taimaka a kama shi. Na duba gaba ban ga kowa ba, na ce lallai wannan ɓarawon gwani ne. Sai da na waiwaya na ga tocila kusan goma suna rawa, duk hasken a bayana yake sauka. Wani zai ce me ya hana ka tsayawa ka yi bayani. Wanda zai faɗi haka bai taɓa jin ƙarar gora tana yanka iska a bayan kunnensa ba. Ƙafa, me na ci ban ba ki ba!

Gwiwar da Likita ya yi wata guda yana shafa wa magani ta warke nan take. Na tsallake magudanar ruwan da in da rana ce sai na nemi gada. Ina cikin haka muryar mace ta fito daga aljihuna, cikin natsuwa, da Faransanci, tana sanar da ni cewa na cika wani kilomita da kuma mintin da ya ɗauke ni. Na baya suka ji. Wani ya yi ihu, "Ba shi kaɗai ba ne, da mace!" Wani ya ce aljana ce. Abin da gora ta kasa, fangalin da aka yi wa ban-ruwa da dare ya yi: ƙafar dama ta nutse, takalmin ya zauna, ni na wuce.

A zauren mai gari aka kwance mini rawani.

"Daga ina?"

"Malbaza, ranka ya daɗe."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Juyawa zan yi in koma."

"Mi ka zo ɗauka?"

"Ba komai."

"To wa ya koro ka?"

Na nuna masu gora.

"Kafin su."

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

"Nawa ake biyanka?"

"Ni ke biya, in na zo na ƙarshe."

Mai gari ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Wani daga baya ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa, a caje shi. Aka samu waya, mabuɗi da dabino uku. Na yi bayanin littafi, da hawan jini, da Kipchoge. Mai gari ya tambayi kilomita nawa nake yi a wata. Na faɗa da ɗan alfahari. Ya sa aka juya masa shi zuwa tafiyar ƙafa, sannan ya nuna wata tsohuwa da ke wucewa da ƙwaryar nono a ka, ya ce wannan kafin Juma'a biyu ta gama nawa, kuma ita da kuɗi take dawowa.

Can wani saurayi ya matso ya ƙura mini ido. Na gane shi. Ya zauna a ajina shekarun baya, kuma ni da shi mun san adadin sifilin da ke tsakaninmu. Yanzu gonar da na faɗa ciki tasa ce, da inji biyu.

"Ranka ya daɗe, shina kama da Mushenmu," in ji shi. "Amma Mushenmu ko wuta ta kama aji ba ya gudu. A bari gari ya ƙara wayewa in duba da kyau."

Aka bari. Ina zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, laka tana bushewa a gemuna, shi kuwa yana tsaye yana duba ni ta dama ta hagu, yana jin daɗin duniya. Da abin ya ishe ni na daka masa tsawa, "Kai, fidda hannu daga aljihu, gaban manya kake!" Hannun ya fito da kansa.

"Shi ne," in ji shi.

Mai gari ya ba da haƙuri, ya ba ni shawarar in nemi rubutu in sha, ya sa aka ɗaura mini rabin buhun albasa a bayan kabu-kabu. Haka na shiga Malbaza da hantsi, ta gaban teburin mai shayi, bayan labarin ya riga ni isowa cewa an kama wani malami yana satar albasa.

Da dare aka zauna lissafi. Likita ya karɓi wayata ya daɗe yana kallo. Ya ce akwai kilomita uku a tsakiya da ko Ajidan bai taɓa yin irinsu ba, kuma na karya dokar kashi 80 da ta kashi 10 a safiya ɗaya. Ajidan ya miƙe ya sara mini, karo na farko tun da muka san juna. Sannan Tela ya ce a ba shi littafin. Bai buɗe shafin Fabrairu ba. Bango ya buɗe, ya juya shi wajen fitila, ya sa yatsa a kan jan biro.

Na ce a yi adalci, kilomitan farko da niyyar kama ɓarawo na yi shi. Tela ya ce ɓarawon ai ni ne, mutum ba ya bin kansa. Aka cire ukun. Abin da ya rage bai kai ratar ba. Na tuna musu da Hamadou Djibo Issaka, ɗan ƙasarmu da ya je wasannin Olamfik na Landan a 2012 bayan 'yan watanni da koyon tuƙin kwalekwale, ya zo na ƙarshe, Turawa suka miƙe suna masa tafi. Alhaji ya ce shi ma zai tafa mini, bayan ya ci. Washegari ya sa aka soya masa ƙwai huɗu, ya ce amarya ta ce ya rame.

Uwargida ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tun da na fara gudun take cewa wahalar banza ce mai cinye sabulu. Ta zazzage albasar, ta ware manya, ta aika wa maƙwabta ƙanana. Asubar da ta biyo baya, ina kwance gwiwa ta dawo da ciwonta har da riba, na ji ana taɓa ƙafata.

"Malam, tashi, lokacin gudu ya yi. In ka bi ta wajen masu tumatir, kada ka naɗe fuska sosai, yadda za su gane ka da wuri."