Babarbare Ya Hau Dutse

Sannu da dawowa, bawana. Labari ya iso mana har ruga cewa ka saɓa jaka ka tafi gandun dajin Gashaka-Gumti, wai sai ka taka ƙololuwar Chappal Waddi. Mutumin Yerwa, wanda tudun da ya fi sani shi ne matakalar bene, shi ne zai hau dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419! Wa ya aike ka?

Tun daga Serti, inda hedikwatar gandun take, aka ce ɗan jagora ya ɗaga jakarka ya yi salati. Da aka zazzage ta, me za a gani? Babbar riga mai aiki, hula zanna bukar har da ta canji, kwalabe na humra, kaskon turaren wuta, da tukunyar dafa burabisko. Bargo kuwa babu, domin a tunaninka duk duniya zafin Maiduguri ake yi. To ka ji abin da ɗan kiwonmu ya sani tun bai fara azumi ba: duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Garinku bai wuce mita 300 da 'yan kai ba. Yi lissafi da kanka, tunda kun ce ku ne malamai. Dare na yi haƙora suka fara kaɗawa, babbar rigar ta koma mayafi, har ka roƙi a kunna maka kaskon turare don jin ɗumi.

Sai takalmi. Sabo fil ka saya, ranar tafiya ka fara sa shi. Kafin azahar diddige ta yi bororo, kafin la'asar ya fashe, kana ɗingishi kana kiran Shehu. Takalmin doguwar tafiya sai wanda ya saba da ƙafa, da safa mai kauri, shi ya sa kake ganinmu da na roba duk shekara ba mu kuka. Ruwan rafi ma aka ce ka tafasa, ka ce ai garai-garai yake, kamar na randar amarya. Cikinka ya ba ka amsa, kowane kurmi sai ka ce a dakata. Da ka ji kukan birai a duhuwa ka zaro waya za ka kira gida, sai ga shi babu sabis ko ɗigo.

Wa ya cece ka? Wata Bafulatana a kan tsaunin, da ƙwaryar kindirmo. An ce har "miyetti" ka koya, kana rusunawa.

In za ka koma, ka bari sai rani, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da rafuka suka ja baya. Ɗauki bargo, tocila, maganin ciki, kilishi, dabino da garin rogo. Duk abin da ba za ka ci ba, ba za ka sha ba, ba za ka lulluɓa da shi ba, bar shi a Yerwa, domin lodin da ke da sauƙi a tasha shi ke karya ƙugu a hawa. Ka kuma bi bayan mai sanda, kar ka yi masa gardama.

Na dai yaba, ka kai sama, ko da yake wani ne ya ƙarasa maka da jakar. Saura ladan wannan karatu: watan Cika-ciki na tafe, ka haɗo da kuɗin shara, kuma ban karɓar turare a madadinsu.